Yadda Ake Farfaɗo da Tsohuwar Morris Minor Traveller Mai Bodin Katako

Kafin shekarun 1950, motar iyali mai dogon baya, wadda ke ɗaukar mutane da kaya a tafiya ɗaya, rabinta aikin maƙeri ne, rabinta aikin kafinta. Kamfanin Ford ya fara sayar da irinta a Amurka a 1929, a kan samfurin Model A, da katakon da ake yankowa daga dazuzzukansa na yankin Iron Mountain a jihar Michigan. Sannu a hankali ƙarfe ya ture katako gefe, don ya fi sauƙin bugawa da yawa, kuma ba ya neman a riƙa shafe shi duk shekara. Motar kamfanin Buick ta 1953 ita ce ta ƙarshe a Amurka da aka gina da katako na gaske. A wannan shekarar ce kuma Ingila ta fito da Morris Minor Traveller, aka yi ta ƙera ta har 1971, sama da guda 200,000. Ita zan ɗauka a wannan bayani, domin ita ta fi samuwa a yau, kayan gyaranta suna nan a kasuwa, kuma abin da mutum ya koya a kanta zai yi masa aiki a kan sauran 'yan uwanta.

Abin da nake so ka riƙe tun daga farko shi ne, katakon Traveller ba ado ba ne. Daga bayan ƙofofin gaba har ƙarshen motar, shi ke riƙe da rufi, da tagogi, da ƙofofin baya guda biyu. Faifan da ke cike tsakanin katakan, da rufin baya, duk na alminiyam ne, ba su iya ɗaukar nauyin komai. Idan katakon ya ruɓe, bayan motar ya tafi, ko da fentinta na ƙyalli. Wanda ya san manyan motocin kaya masu bodin katako da ke bin hanyoyinmu ya riga ya san yadda itace ke sassautawa a mahaɗa in ya sha ruwa da rana da girgiza. Bambancin kawai, a nan ana neman aikin da ya kai na kafintan kujerun falo kyau, kuma ya jure titi.

Ka duba kafin ka taɓa sifana

Ɗauki basilla da fitila ka zagaye motar. Katakon da aka yi amfani da shi na ash ne, wani itace na ƙasashe masu sanyi, mai ƙarfi, mai jure lanƙwasa da girgiza, amma ba shi da juriyar danshi ko kaɗan. Ruwa kuwa ba ya shiga ta tsakiyar katako, ta mahaɗa yake bi, da bakin da zarto ya yanka. Saboda haka wuraren dubawa sanannu ne: gindin ginshiƙan baya, inda dogon katakon tsakiya ya haɗu da ginshiƙi, katakon da ya lanƙwasa a kan tayar baya, ƙasan ƙofofin baya, da katakon sama da ke ɓoye ƙarƙashin magudanar rufi. Danna basillar a hankali. Lafiyayyen ash zai ƙi ta. In ta shige kamar ana soka ta a sabulu, wurin ya mutu. Ƙwanƙwasa kuma da ƙotar sukundireba: mai lafiya yana amsawa da kaifin sauti, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji dum.

Baƙin tabo a mahaɗa alama ce ta ruwa ya daɗe yana kwana a wurin, amma ba kowane baƙi ne ruɓa ba, za mu zo kan wannan. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne motar da aka shafe katakonta da fenti mai duhu ko aka cike mahaɗanta da foti. Wanda ya yi haka akwai abin da yake rufewa.

Daga nan ka kwanta ƙarƙashinta. Morris Minor ba ta da shasi na daban wanda ake ɗora bodi a kai. Daɓen motar da ƙarafan da aka yi masa walda su ne ƙarfinta. Duba dogayen ƙarafan da suka taso daga gaba a ƙarƙashin daɓe, da ƙarfen da ya gitta tsakiya inda sandunan sifirin gaba ke kamawa, da ƙasan ƙofofi, da inda sifirin baya ke rataye, da gindin but. Tsatsar waɗannan wurare ta fi ruɓar katako cin kuɗi. Sai ka haɗa lissafin biyun kafin ka yanke shawara ko motar ta cancanci wahalar.

Hoto, awo da alama

Ka samu wuri mai rufi, mai daɓen siminti a miƙe, inda motar za ta zauna watanni ba wanda zai ce ka matsa. Kafin ka cire ko sukuru ɗaya, ɗauki hoton kowace kusurwa, ciki da waje. Auna faɗin ƙofar baya a sama da tsakiya da ƙasa, ka auna ta a gicciye daga kusurwa zuwa kusurwa, ka rubuta a littafi. Duk abin da ka cire ka sa shi a leda da takardar da ke faɗin inda ya fito. Yau kana ganin ba za ka manta ba, bayan wata takwas kuwa ƙananan ƙarafa arba'in za su zame maka iri ɗaya.

Sifanun milimita ba za su zauna daidai a kan notin wannan mota ba. Na awon inci take so, wasu ma na tsohon awon Ingila da ake kira Whitworth. Ka nemo su tun wuri, don sifanar da ta ɗan yi yawa ita ke cinye kan noti. Kwana biyu ko uku kafin fara aiki, ka riƙa fesa man sassauta tsatsa a kan duk notin da idonka ya gani.

Kwancewa

Cire batir, ka zuƙe fetur, ka sauke tanki gaba ɗaya, tunda walda na tafe. Fitar da kujerar baya da kwalliyar ciki da rufin yadi. Cire fitilun baya, kana ɗaura wa kowace waya alama, sannan bamba, sannan ƙofofin baya da hinjinsu. Madigadin baya na ƙarfe ne, an ɗaure su ta jikin katakon da ke kan taya, su ma su sauka. Sai gilasan gefe masu zamewa: cire katakon da ya danne su ta ciki, ka zare su, ka ɓanɓare tsofaffin layukan da suke gudu a kai. A nan za ka ga inda yawancin ɓarnar ta faro. A ƙarƙashin layukan akwai ƙananan ramuka da aka huda don ruwan da ya gangaro daga gilashi ya fita. Ƙura da gansakuka kan toshe su, ruwa ya kwanta, katakon ya ruɓe daga ciki alhali wajensa na sheƙi.

Rufi shi ne mai neman haƙuri. An kafa shi da ƙananan ƙusoshi a kan katakon sama, magudanar ruwa ta rufe kawunansu, sannan an ɗaure gabansa da rufin ƙarfe na wurin direba, da roba a tsakani. Buɗe magudanar a hankali, zare ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya, kwance notin gaba, ku ɗaga shi ku biyu. Alminiyam in ya lotsa ko ya miƙe, dawo da shi sai gwanin gaske, don haka ka ajiye rufin inda ba mai jingina masa komai. Bayan haka sai notin da suka haɗa katako da ginshiƙan ƙarfe na bayan ƙofofin gaba da kuma daɓe, kowane gefe ya fito ɗungurungum.

Kada ka jefar da tsohon katako, kome lalacewarsa. Shi ne zai nuna maka inda kowane rami yake da yadda kowace lanƙwasa ta tafi.

Ƙarfe tukuna

Nan ne mutane da yawa ke kuskure, don zumuɗin ganin sabon katako. Ba a ɗora katako a kan ƙarfen da bai gama gyaruwa ba. Dalili biyu ne. Walda kusa da busasshen itace mai banish neman gobara ne. Na biyu, katakon yana bin siffar ƙarfen da ya zauna a kai; in daɓen ya karkace, ƙofofin baya ba za su taɓa rufuwa daidai ba.

Kafin mai walda ya yanke wani babban wuri, a tokare bakin ƙofofi da ƙarfe na wucin gadi don kada motar ta lanƙwashe. A yanke tsatsa har sai an kai ƙarfe mai haske, a sa sabo mai kauri irin na asali. Ɗora faci a kan tsatsa ɓata lokaci ne, za ta ci gaba da ci a ƙarƙashi. A gama gefe ɗaya kafin a taɓa ɗayan, saboda a samu abin kwatance. In an gama, a goge, a shafa fentin hana tsatsa, a toshe layukan walda, a yi fenti na gaske musamman a duk fuskar da katako zai rufe, domin ba za ka sake ganinta ba sai bayan shekaru masu yawa. Cikin ƙarafa masu rami kuma a fesa kakin hana tsatsa. Tsohon fentin mota na iya ƙunsar dalma, don haka ba a goge shi ba tare da abin rufe hanci ba.

Wanne za a ceta, wanne za a sauya

Kankare tsohon banish da makankari ko maganin cire fenti, kana bin jijiyar katakon. Guji injin gogewa mai ƙarfi, yana cinye gefuna ya ɓata siffa. In itacen ya fito tsirara sai ka sake bi da basilla.

Inda ya yi baƙi amma yana da tauri, ana iya wanke shi. Narka garin asid ɗin okzalik a ruwan ɗumi, shafa da buroshi a kan katakon gaba ɗaya, ba kan tabon kaɗai ba, don kada launi ya bambanta. Bar shi ya bushe, ka maimaita in akwai bukata, sannan ka ɗauraye da ruwa mai yawa, ka bi da ruwan bikabonet don kashe ragowar asid ɗin, ka sake ɗaurayewa. Guba ne: safar hannu, tabarau, kuma kada ka shaƙi ƙurarsa lokacin gogewa. Ka ba shi kwanaki ya bushe sarai.

Inda ruɓar ƙarama ce kuma ba a mahaɗa take ba, ana yanke ta a dasa sabon guntu. Yankan ya zama a karkace, tsawonsa ya kai kamar ninki 8 na kaurin katakon, jijiyar sabon ta bi ta tsohon, a haɗa da gam ɗin efoksi ko wani gam da ruwa ba ya narkarwa. Farin gam na kujerun ɗaki ba shi da wuri a nan.

Amma in ruɓa ta kama mahaɗa, ko gindin ginshiƙi, ra'ayina a sauya katakon nan ɗungurungum. Kuma in ka ga biyu ko uku sun tafi a gefe ɗaya, sauya gefen duka ya fi sauƙi, ya fi ƙarko. Na san akwai masu son a bar kowane guntu na asali, kuma ina girmama wannan, domin tsohon ash yana da launin zuma da sabo ba ya da shi. Sai dai mutane za su zauna a bayan motar nan tana gudu a titi, lafiyarsu ta fi launi.

A Ingila akwai masu sana'ar da ba abin da suke yi sai sassaƙa katakon Traveller, suna sayar da shi guntu-guntu ko gefe guda a haɗe, kuma ƙungiyar Morris Minor Owners Club hanya ce mai kyau ta sanin na kirki a cikinsu. Wanda zai ba kafinta ya sassaƙa masa kuwa, ya kula da abu uku. Itacen ya bushe sosai, danshinsa kusan kashi 12 cikin 100. Jijiyarsa ta miƙe, babu ƙulli. Sannan wuraren lanƙwasa kada a yanko su daga faffaɗan katako guda ta yadda jijiya za ta gitta siririn wuri, nan take karyewa. A haɗa guntaye yadda aka yi na asali, ko a manna siraran yanka a lanƙwasa su a kan ma'auni. Mahaɗa kuma a yi su rami da harshe, ba a dogara da sukuru kaɗai ba. Farin katako mai laushi irin na rufin ɗaki bai dace da wannan aiki ba sam.

Itace yana numfashi da iskar wurin da yake. Katakon da aka sassaƙa a danshin Ingila, in aka kai shi ƙasa mai hunturu irin namu, zai tsuke. Ko ina kake, ka ajiye sabon katakon makonni a ɗakin da za a yi aikin, a kwance a kan siraran sandunan itace, iska na ratsa shi, nesa da ƙasa saboda gara, kafin ka huda ko rami ɗaya.

Gwaji a bushe

Wannan shi ne zuciyar aikin, kuma shi ne matakin da ba ya karɓar gaggawa. Sabon katako ba ya taɓa zama daidai da kansa, domin motocin nan hannu ya haɗa su, kuma shekaru sun ɗan juya kowacce.

Sauke motar a kan tayoyinta a daɓe miƙaƙƙe. In tana kan jak, jikinta na iya murɗewa kaɗan, sai awonka ya tashi a banza. Ɗora gefe biyun, ka riƙe su da matsi kawai, babu gam, babu huda. Sa katakon da ya gitta sama a baya da na ƙasa. Yanzu kawo ƙofofin baya ka gwada su a gurbinsu, da siraran kwali a matsayin tazara. Ƙofofin su ne alƙalai: su za su gaya maka ko ginshiƙan sun tsaya daidai. Auna gicciye biyu na bakin ƙofar, dole su zo ɗaya. Tazarar da ke tsakanin ƙofa da ginshiƙi ta zama iri ɗaya daga sama har ƙasa, haka ma tsakanin ƙofofin biyu. Ɗora rufin a sake ka ga ko gefunansa sun kwanta a kan katakon sama. Gwada madigadi. Rufe ƙofofin gaba ka duba ko layin jikin motar ya tafi santal daga ƙarfe zuwa katako.

Inda ya tokare, shafa alli a ƙarfen, ka mayar da katakon, wurin da allin ya taɓa shi za ka rage. Ka riƙa ragewa kaɗan-kaɗan da magagari ko samfefa, domin abin da ka cire ba ya dawowa. Za ka ɗora ka sauke sau da yawa, kuma haka aikin yake. Kada ka ja katako da ƙarfin noti don ya zo inda kake so. Zai zo yau, gobe ya tsage ko ya buɗe mahaɗa.

Sai komai ya zauna, sannan ka huda ramukan noti da na hinji da na fitilu. Kowane sukuru a fara huda masa ƙaramin rami, don ash yana da tauri, yana karya sukuru ko ya tsage. Tabbatar ramukan fitar ruwa na ƙarƙashin gilashi suna nan, a buɗe, sun karkata waje. Daga nan sai ka sake kwance komai. Na san zuciya ba ta so, amma dalilin yana tafe.

Magani da shafi

An kwance ne domin kowace fuska ta samu kariya, har wadda ido ba zai gani ba, har cikin kowane rami da ka huda. Goge da samfefa mai lamba 120, sannan 180, ka ƙare da 220, kullum kana bin jijiya. Ɗan kashe kaifin gefuna, saboda banish ba ya kama gefe mai kaifi, nan yake fara tsagewa. Share ƙura tas.

Fara da maganin hana ruɓa da ƙwari marar launi, mai ruwa-ruwa, wanda itace ke sha. Shafa shi har katakon ya ƙoshi. Bakin da aka yanka kuwa, tsoma shi za ka yi a gwangwani ya kwana yana zuƙa, musamman gindin ginshiƙai. Ɗura shi a ramuka da ƙaramin buroshi. Ka bar shi ya bushe iya kwanakin da aka rubuta a jikin gwangwanin, kada ka rage.

Game da shafin ƙarshe, masu wannan mota sun rabu biyu. Wasu na son banish irin na jiragen ruwa, mai sheƙi kamar yadda motar ta fito daga masana'anta. Wasu sun koma ga mai ko shafin da ke barin itace ya fitar da danshi. Banish ya fi kyau a ido, nesa ba kusa ba, amma ranar da ya tsage ruwa zai shiga ya rasa hanyar fita, baƙi ya bazu a ƙarƙashinsa, gyaran kuma sai an kankare duka. Mai ba ya ƙyalli haka, kuma yana son a riƙa sabunta shi a kai a kai, sai dai sabuntawar aikin yini ɗaya ne. Shawarata: motar da ke kwana a gareji, ana fita da ita jefi-jefi, a yi mata banish, wadda za ta yi aiki kullum a rana da ruwa, a ba ta mai.

In banish ka zaɓa, ka nemi mai kariya daga zafin rana, wanda ba ya ƙandarewa. Shafin farko a sirka shi da tina rabi da rabi don ya nutse, na biyu a rage sirkin, daga na uku a shafa shi yadda yake. Tsakanin kowane shafi a bar shi ya kwana, a ɗan goge da samfefa mai lamba 320, a share. Shafi 6 zuwa 8 shi ne ƙaramin abin da zai riƙe. Siriri-siriri ake yi. Mai kauri yana zuba hawaye, kuma cikinsa ba ya bushewa. A yi a ɗaki marar ƙura, a yayyafa ruwa a daɓe kafin a fara, ba a rana tsaka ba. Tsumman da ya sha mai ko banish kada a dunƙule shi a jefa kwandon shara, yana iya kama wuta da kansa. A shanya shi a waje ko a nutsa shi a ruwa.

A daidai wannan lokaci ne ake yi wa faifan alminiyam da rufi da madigadi fenti, kowanne a ware. Alminiyam na bukatar shafin farko na musamman mai kama jikinsa, in ba haka ba fentin zai ɓare.

Haɗawa ta ƙarshe

Faifan gefe ana ɗaure su ta ciki, kafin a ɗora gefen a mota. Tsakanin faifai da katako, da duk inda katako ya taɓa ƙarfe, a shimfiɗa danƙon toshe ruwa irin wanda ba ya bushewa. Itace na motsi da sauyin yanayi, danƙon da ya ƙandare zai rabu da shi ya bar kafa. Silikon bai dace ba, yana hana fenti da banish kamawa daga baya. Sukuru da noti a sa waɗanda ba sa tsatsa, a tsoma bakin kowanne a banish ko danƙo kafin a ɗaure. Baƙin ƙarfe tsirara yana baƙanta itacen da ke kewaye da shi, jan ƙarfe da tagulla kuma suna cin alminiyam in danshi ya shiga tsakaninsu.

Bi tsarin da ka bi a gwaji: gefuna, katakan gicciye, ƙofofi, kowane noti a sake. Sake auna gicciye. In ya yi, sai ka ɗaure a hankali, kana zagayawa, har danƙon ya ɗan fito ta gefe. Manyan washa a bayan kowane noti, don kada ya nutse cikin itace. Rufi ya biyo baya da sabuwar roba a gaba, danƙo a kan katakon sama, ƙusoshi daga tsakiya zuwa gefe don kada ya tattare, sannan magudana. Sai sababbin layukan gilashi, kuma a huda su daidai kan ramukan fitar ruwa, don sabon layi ma na iya toshe ramin. Gilasai, robobin ƙofa, madigadi, fitilu, tanki.

Kafin ka mayar da kujera da kwalliyar ciki, sa wani ya zauna a ciki da fitila, kai kuma ka zuba wa motar ruwa da tiyo ta ko'ina. Duk inda ya ɗiga, yanzu ne gyaransa ke da sauƙi. Zuba ruwa a layin gilashi ma, ka tabbata yana fita ta ƙasa.

Inji, burki da waya

Wannan ɓangare kowane ƙwararren bakanike zai iya. Injinan ƙanana ne masu sauƙin hali: 803cc a farko, 948cc daga 1956, 1098cc daga 1962. Motar da ta daɗe a tsaye, a sauya mata baƙin mai, a wanke lagireto da tanki da kafireta, a sauya duk tiyon roba na fetur da na ruwa, a juya injin da hannu kafin a tayar. Burki a sabunta shi gaba ɗaya, ba a yin ciniki a kansa. Uwar burkin tana ɓoye cikin dogon ƙarfen daɓe a ƙarƙashin ƙafar direba, shi ya sa ake yawan mantawa da ita, kuma tsohon takalmin burki na iya ƙunsar asbestos, wani abu mai cutar da huhu, kada a hure ƙurarsa. Mahaɗan ƙafar gaba masu zare suna son giris a kai a kai. In suka bushe suka cinye, taya na iya kwantawa ana cikin tafiya. Wayarin kuma ka lura, motocin sun fito ne da kan batir mai alamar tarawa a haɗe da jikin mota, akasin na yau, ko da yake an juya wa da yawa daga baya. Duba kafin ka haɗa batir. In rigar wayoyin ta fara farfashewa, sabon wayarin gaba ɗaya ya fi, balle a motar da rabinta itace ne. Tsofaffin tayoyi a sauya su ko da zanensu bai cinye ba.

Bayan ta hau titi

Bayan 'yan makonni na tafiya, sake bin notin katako ka ɗan ƙara ɗaurewa, domin itacen zai zauna. Duk wata ka zura siririyar waya a ramukan fitar ruwa. In ka wanke motar, goge mahaɗai da busasshen tsumma, ka bar ƙofofin baya a buɗe su sha iska. Kada ka lulluɓe ta da leda ko tamfol marar numfashi, gumin da ke taruwa a ƙarƙashi ya fi ruwan sama ɓarna. Inuwa mai iska take so. Sau ɗaya a shekara, kafin damina, wanke katakon, ka ɗan goge da samfefa mai laushi, ka ƙara shafi ɗaya ko biyu. In kuwa ka ga tsaga a banish ko ɗigon baƙi a wata mahaɗa, kankare wurin a makon nan, ka bar shi ya bushe, ka sa magani, ka rufe.